Sulken da Bai San Ire-iren "To" Ba

Tun da muka dawo daga Maraɗi ni da Kofur Mamman, ban ƙara ɗinka riga ɗaya daga wuya zuwa ƙasa ba tare da wani ya leƙo shago ya tsayar mini da keken ɗinki ba. Wannan ya ce ya ji mun shigo da aljanu cikin gwangwani, wancan ya ce a'a, gumaka ne, wani kuma ya rantse wai ɗaure mu aka yi a bakin iyaka. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk wanda na ba labarin, kafin ya kai bakin kasuwa ya ƙara masa hannu da aljihu. Saboda haka ga shi nan yadda ya faru, daga bakin wanda aka yi da shi.

Ni tela ne a Kaura Namoda, shagona yana kan hanyar tashar jirgi. A ƙofar shagon akwai itacen bedi da benci biyu, kuma nan ne majalisarmu tun kafin a yanke Zamfara daga Sakkwato. Lido muke yi da karta, ba a sa ko ƙwayar goro, wanda aka ci ba'a kawai yake sha. Da aka ƙaddamar da Shari'a ina cikin waɗanda suka je Gusau, na yi kabbara har muryata ta dushe. Kuma ba zan ɓoye ba, ta yi mini rana, domin kowa a garin nan ya tashi yana son a ɗage masa wando. Na yanke ƙafafun wanduna har matata ta cika matasan kai da guntayen. Amma kwamitin unguwa ya ce karta da ɗan lido sun yi kama da caca, a ajiye su. Ba mu yi gardama ba, muka ajiye, muna ganin hira kaɗai ta isa ta riƙe mu. Ashe mutanen da suka shekara da shekaru suna zama tare ba su da abin ce wa juna in ba zargin maguɗi ba. Da ɗai-ɗai suka daina zuwa, har ya zama awaki ne ke kwana a kan bencin.

Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Kofur Mamman. Tsohon soja ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna can kudu, kuma lido ne kaɗai ke fito da shi daga gida. A majalisa ya fi kowa tsawa, bai taɓa yarda an ci shi ba, kuma ban taɓa jin ya ce wa wani "to" ba, sai dai "ƙarya ne". Da aka naɗe lido sai ya shige ɗaki. Daga masallaci sai gida, gaisuwa ma da ka yake amsawa. Ranar da na je auna shi don rigar Salla na ga kafaɗarsa ta ragu, wuyan rigarsa yana lilo. Na ji tsoro ƙwarai, na ga mutumin nan zai mutu a ɗakin nan muna kallo.

Ana haka ƙanen matata, Hamidu, wanda ke koyarwa a wata makaranta a Maraɗi, ya zo gaisuwa. Cikin hira ya ce su can suna da wani wasan yaƙi da ake yi a kan tebur, babu karta a ciki, wani Bature mai aikin haƙa rijiyoyi ne ya bar masa kayan da zai koma ƙasarsu. Da na ji kalmar yaƙi sai Kofur ya faɗo mini a rai. Na je na same shi na ce akwai yaƙi a Maraɗi, ana neman wanda ya san shi, ni kuma dama zan sayo shadda. Ranar tafiya na tarar da shi a tasha ya riga ni, da tsohon takalminsa na soja.

Wata tsohuwar bas muka shiga mai zuwa Jibiya ta Zurmi. Direba ya jera mata a baya, maza a gaba, ya gitta buhun albasa a tsakani don a san an raba. Wata tsohuwa ta ce ita ta yi jika da direban, ba ta ga abin da albasa za ta tsare ba, amma ta zauna. Kusa da ni wani mutum ne mai sayar da fatu, sanye da wando ɗagagge wanda ƙafar hagu ta fi ta dama gajarta. Kallo ɗaya na yi wa ɗinkin na gane hannuna ne, ƙanensa ne ya kawo mini aikin a makon da wanduna suka yi mini yawa. Daga Kaura har Zurmi mutumin nan yana tsine wa telolin Kaura, yana ɗaga ƙafa yana nuna mini, ni kuwa ina cewa to, to. Da ya tambayi sana'ata na ce ina ɗan taɓa harkar yadi.

A Zurmi mota ta nemi ruwa, mu ma muka nema. Na sayo mana hoce da ƙuli-ƙuli da yaji, na cinye nawa a tsaye. Kofur ya riƙe nasa a hannu kamar an ba shi ajiya. Tun daga Kaura direba wa'azi yake sa mana, fasinjoji suna girgiza kai suna salati. Muna fita ƙasar Zamfara ya laluba ƙarƙashin kujera ya zaro kaset ɗin kalangu, sai ga kawunan nan dai suna girgiza, salon ne kawai ya canza. Ni ma ƙafata ta ɗan motsa, amma wannan taka keke ne ya saba mata.

A Jibiya muka canza mota, ba a jima ba muka isa iyaka. A ɓangaren Nijar wani jandarma, yaro siriri mai guga a wando kamar wuƙa, ya tambaye mu inda za mu, na ce Maraɗi. Ya ce yin me? Ina shirya maganar shadda, sai Kofur, wanda bai buɗe baki ba tun Kaura, ya ce, "Yaƙi."

Jandarman ya dubi takalmin Kofur, ya dubi ni, ya nuna wani benci ya ce, "Mushe, zamna can."

Kofur ya miƙe har wuyansa ya yi ƙara. "Ni ka kira mushe? Yaro, ban mutu ba tukuna."

Sai da wata 'yar kasuwa ta shiga tsakani ta yi masa bayani cewa a can mushe girmamawa ce, kamar a ce malam, ba dabbar da ta mutu ba a yanka ba. Ni kuma na sha fama kafin in gamsar da babbansu cewa yaƙin a kan tebur yake, sojojin kuma ba su kai yatsa ba. Motarmu ta gaji da jira ta tafi, muka hau ta baya, tsakanin buhunan garin rogo. Ban ji haushi ba ko kaɗan, domin kunnena ya ji Kofur ya ce bai mutu ba.

A Maraɗi kowa Mushe Hamidu yake kiran ƙanen matata, yara har rusuna masa suke yi suna faɗa, shi kuma yana amsawa da fara'a. Kofur ya ce shi dai ba zai iya ba. Hamidu ya sauke mu a ɗakin littattafansa, katifa ɗaya da tabarma ɗaya. Na bar wa Kofur katifar, ya ƙi, ya kwanta a tabarma, ni kuma kunya ta hana ni hawa, muka bar katifa ta kwana ita kaɗai. Da safe aka kawo mana kofi da madara a kwano, da wani dogon burodi mai tauri kamar sandar makiyayi. Na nemi inda zan fara cizo na rasa, sai da na ga Hamidu yana tsoma nasa. Mutanen Maraɗi mutanen kirki ne, Hausarsu kusan tamu ce, sai dai kowace magana sai sun yayyafa mata Faransanci. Rana na take tsaka kuma gari ya mutu, a rufe shaguna a je a kwanta, ko da kuwa mai saye yana tsaye a ƙofa. Na je neman shadda a lokacin na dawo da ƙishirwa kawai. Mata kuwa a kan babur suke yawo abinsu, su ke tuƙi, abin da ya sa na tuna da 'yan kabu-kabun Kaura da aka hana ɗaukar mata suna ta ƙunƙuni.

Ranar Lahadi bayan azahar aka kafa wasan a rumfar tsakar gida. Faffaɗan tebur ne aka zuba masa yashi, aka tara tudu a gefe ɗaya, aka shimfiɗa shuɗin ƙyalle a tsakiya a matsayin gulbi, aka jera kwalayen ashana su ne gari. Hamidu ya buɗe akwati ya fito da sojojin. Na dalma ne, kowanne bai wuce babban yatsa ba, an shafa masa fenti. Rigar ƙarfe ce tun daga ka har tafin ƙafa, da inji goye a baya, babu fuska sai ɗan gilashi. Ya ce sunanta sulke mai inji, kuma labarin wasan na wani zamani ne da bai zo ba, lokacin da 'yan Adam suka bazu a taurari suna ci gaba da yaƙi. Wannan ɓangaren bai ba ni mamaki ba. Na juya ɗaya a hannu na duba shi da idon sana'a. Babu aljihu, babu maɓalli, babu inda za a zage hannu a yi alwala, kuma duk wanda ya yanka ta bai yi tunanin mai ita zai taɓa tsugunawa ba.

Da ɗan lido suke yanke ko harbi ya samu ko ya kuskure. Na ce wa Hamidu wannan kam ba zai bi mu gida ba, shi ne ya raba mu da majalisa. Ya ce ana iya yi ba shi, sai a naɗa alƙali ya riƙa yanke hukunci da hankalinsa, kuma shi zai zama alƙalin yau. Tafiyar soja da nisan harbi kuwa aunawa ake yi. Na zaro tef ɗina daga aljihu, nan take darajata ta ƙaru.

Abokin karawarmu wani mai kantin magani ne, Isufu, mutum mai tumbi da yawan dariya. Kafin a fara sai an yi abin da su suka ɗauka shi ne zuciyar wasan: kowa ya faɗi yadda ake sarrafa sulken rundunarsa, domin inji ne mai ƙarfin raƙumi goma, dole a san wa yake bi. Hamidu ya ce akwai mai bin jiki, wato mutum yana ciki, in ya ɗaga hannu rigar ta ɗaga da ƙarfin inji. Yana da sauri, amma duk motsin da ka yi sai ta yi, ba ta san na gangan da na kuskure ba. Na ce to wannan in mutum ya je gaida surukinsa ya durƙusa, sai ya fasa daɓen zaure, in sun yi musabaha kuma sai a nemi mai ɗori. Isufu ya ce shi ya sa shi ba ya sa kowa a ciki. Nasa daga nesa ake tuƙa su, kamar yadda ake canza tasha a talabijin, mai tuƙin yana zaune a wata 'yar mota mai eriya a bayan tudu yana shan shayi. In an fasa riga, ƙarfe aka fasa, ba uwar da za ta yi kuka.

Akwai kuma wani da Baturen ya fi so, wanda ake jona wa mutum waya a ka, rigar ta riƙa bin abin da ya raya a zuciya. Kofur, da ke tsaye a gefe yana harare-harare, ya ce wanda ya ƙago wannan bai taɓa jin ƙarar harsashi ba. Ya ce a fagen fama kowane soja ƙafarsa gaba take yi amma zuciyarsa tana hanyar gida, in riga ta bi zuciya, kafin a busa ƙaho runduna duka ta kai tasha. Ni ma na hango kasuwar Kaura ranar da kowa ya sa irin wannan riga, mutum yana yi maka barka da rana hannunsa yana neman wuyanka. Babu wanda ya zaɓe shi.

Kofur ya ɗauki mai bin jiki, ya ce sojan da ba ya cikin rigarsa ba soja ba ne. Ni kuwa da na ji akwai mai bin baki, na ce an zo wurin. Shi wannan magana kake yi masa. Rigar ta faɗa maka abin da ta gani, ta tambaye ka ko ta yi kaza, kai kuma ka tabbatar mata da kalma ɗaya tak. Sharaɗin shi ne, da zarar an fara wasa, bakin mai wasa ya zama bakin sojansa, duk abin da ya fito an ji. Na shekara nawa ina cin mutane da baki a majalisa, ban ga abin tsoro ba. Su kalmarsu ta Faransanci ce, amma Hamidu ya ce tunda ni baƙo ne in zaɓi tawa. Ban yi dogon tunani ba, na ɗauki wadda ta fi kusa da harshe, na ce "to". Ya dube ni ya tambaya ko na tabbata. Na ce to.

Aka jera mu, ni a dama, Kofur a hagu, mu biyu a kan Isufu, wanda ya kama garin ashana shi ya ci. Na tura mutanena gaba ina aunawa da tef, har suka kai bakin shuɗin ƙyalle. Hamidu ya toshe hanci ya yi muryar inji, ya ce, "Ruwa gabana. In ci gaba?" Daidai nan matarsa ta ɗaga murya daga madafa tana tambaya ko a kawo wa Yaya fura. Wane ne za a yi wa tayin fura a gidan surukai ya yi shiru? Na ce to. Hamidu ya kwashi rabin rundunata ya jera su a tsakiyar gulbi, ya ce sun nutse, ƙarfe ba ya iyo.

Na ce wannan ai to ɗin fura ne, kowa ya ji. Ya ce, "Yaya, ƙarhe bai san hura ba."

Isufu ya yi dariya har tumbinsa ya girgiza tebur, ya ce dama an ce mutanen Najeriya sai baki. Na ce masa to, za ka gani. Ashe a lokacin inji ya tambaya ko ya tsaya, sai ga sauran mutanena sun ƙame a fili, na Isufu suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na rantse na kama bakina, har hannu na sa na rufe shi. Kofur kuwa yana can hagu yana lallaɓawa da nasa ta gindin tudu.

Can Hamidu ya sake toshe hanci ya ce, "Motsi hagu. In harba?" Na leƙa, na ga wasu sojoji a gindin tudu, fentin duk ya yi mini kama. Ina ƙoƙarin tuna na wane ne, sai na ji wani dogon "tooo" ya zame ta tsakanin yatsuna, irin wanda duk ɗan Kaura ya san ma'anarsa dakata in yi tunani. Hamidu ya miƙa hannu ya kwantar da mutanen Kofur rigingine, ya bar masa biyu.

Abin da ya biyo baya maƙwabta ma sun ji shi. Kofur ya kira ni da sunayen da rabona da jin su tun zamanin lido. Ya ce ya yi yaƙin gaske shekaru, ba a taɓa harbinsa ta baya ba sai yau, kuma tela ne ya yi. Ya ce da a bariki ne da an aske mini kai da kwalba. Jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya yi ja, yana buga tebur yashi yana tsalle. Ni kuwa ina tsaye ina shan zagi, daɗi ya cika ni har na ji ƙwalla.

Da ya gama ya cire hula, ya fizge tef daga hannuna, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da yashi. Bai nufi garin ashana ba sam. Ya bi da mutanensa biyu ta wani kwari, yana kauce wa duk inda za a yi arangama, har ya ɓullo a bayan tudu inda 'yar motar Isufu take. Ya ce sojansa ya kama eriyar ya karya. Hamidu ya dubi tebur, sannan ya yanke cewa duk rundunar Isufu ta tsaya cik, ba mai gaya mata abin yi. Isufu ya yi ta kawo hujja da Faransanci, amma mutum biyu suka taka a hankali suka shige gari. Da aka kawo tuwo da yamma Kofur ya cinye nasa ya jawo nawa.

A wajen cin tuwon Isufu ya ce matsalar ba ta inji ba ce, ta Bahaushe ce, mutum ya riƙe kalma ɗaya yana aikin kalma goma da ita. Na ce a'a, injin ne bai yi makaranta ba. Yaron da bai fara sa wando ba ya san in uwarsa ta ce to, ko ya ci gaba ne ko ya ruga. In mai riga ya tambaye ni ko gobe zai samu na ce to, shi da ni duk mun san ba gobe ba ce, kuma ba wanda ya yi wa wani ƙarya. Da ita muke karɓa, da ita muke ƙi ba mu ɓata wa mutum ba, da ita muke sallamar baƙon da ya daɗe. Rigar da ba ta san wannan ba, ko an kawo ta Kaura kyauta, kafin la'asar ta rushe rabin gari.

Da za mu taho Hamidu ya zuba mana sojoji cikin gwangwanin madara, ya ce mu kafa namu. Muka biyo wasu 'yan kasuwa masu zuwa cin kasuwar Shinkafi a bayan a-kori-kura, ta hanyar daji, muka shigo ta wajen Jangeru. Kofur bai rufe baki ba tun daga Maraɗi, yana ba duk wanda ke kusa labarin karya eriya. Don ya nuna yadda aka yi ya buɗe gwangwani ya fito da ɗaya. Nan take wurin da babu masaka tsinke ya yi fili, mutane suka ja baya suna a'uziyya. Wani dillalin shanu kuma ya matso ya yi mini raɗa ko za mu sayar masa da ɗaya ya binne a garke. A nan gabana ya faɗi, domin sai lokacin na tuna cewa ba ɗan lido kaɗai ake tambaya a kansa ba, akwai maganar sassaƙa surar mutum. Muka sauka a Shinkafi muka ci shinkafa da wake, muka samu mota ta Badarawa, amma labarin ya riga mu shiga Kaura, ban san motar da ya hau ba.

Washegari bayan azahar Malam Sahabi ya zo shago. Shi ne limamin unguwarmu kuma shi ke shugabantar kwamitin, mutum mai sanyin magana wanda na daɗe ina yi wa ɗinki. Kafin ya zauna tsofaffin 'yan majalisa duk sun ɓullo, har da waɗanda na ɗauka sun bar gari. Ya tambaya ko ana sa wani abu, na ce ko goro. Ya tambayi ɗan lido, na ce mun baro shi a Maraɗi. Sai ya ɗauki soja ɗaya ya juya shi a tafin hannu. Na yi sauri na ce ai riga ce kawai, Malam, irin wadda nake ratayewa a ƙusa, ga shi ko fuska babu.

Ya ce, "Tela, riga ba ta tsayi da ƙahwa tata. Wa ke cikin rigag ga?"

Na gane inda ya dosa. In da mutum a ciki, surar mutum ce aka sassaƙa. In babu kowa, inji ne, ɗan'uwan tarakta. Ga kuwa hanyar Isufu a buɗe, in ce daga nesa ake tuƙa su, magana ta ƙare. Na buɗe baki ke nan Kofur ya riga ni.

"Akwai mutum ciki, Malam. Sojana na. Ni ban tura riga wohi wurin yaƙi. Biyu sunka rage min, kuma da su munka ci Maraɗi."

Na ji kamar in shige ƙarƙashin keke. Na kai mutum har wata ƙasa don in samo masa abin fitowa, ga shi da bakinsa zai rufe ƙofar. Malam bai nuna komai ba. Ya kanne ido ɗaya ya leƙa ɗan gilashin kamar zai hango wanda ke ciki, sannan ya tambaya, in akwai mutum, yaya yake gaya wa ƙarfen abin da zai yi? Na kwashe duka na faɗa masa, mai bin jiki da mai bin zuciya da na bayan tudu, har na zo kan nawa da fura da gulbi da yadda na harbe mutanen Kofur. Na ga gemunsa ya ɗan motsa, ban sani ba ko dariya ce ko istigfari. Aka kira la'asar. Ya mayar da sojan cikin gwangwani, ya rufe da kansa, ya ɗora a kan teburin kekena, ya miƙe ya gyara rawani.

Ya ce, "To."

Ya sa takalmi ya tafi masallaci.

Tun daga ranar gwangwanin yana nan inda ya ajiye shi, ba wanda ya buɗe, ba kuma wanda ya ce a jefar. Amma bencin nan biyu sun cika, har na sa an ƙero na uku. Kullum bayan la'asar ana taruwa a kan magana ɗaya. Wasu sun ce to ɗin izini ne, ai da hani ne da ya tafi da gwangwanin. Wasu sun ce ba ku ga shi ya rufe murfin da hannunsa ba? Akwai masu cewa gajere ne, akwai masu rantsuwa ya ɗan ja shi. Wani ya ce to ɗin jin kiran salla ne kawai, bai shafe mu ba, aka yi masa ca. Kofur ne kan gaba, yana tsaye yana kwaikwayon yadda Malam ya faɗe ta, yana ce wa kowa ƙarya ne. Rigar Sallar da na rage masa ta fara kama shi a kafaɗa.

Kwanan baya abin ya ishe ni, ga ɗinki ya taru, ga hayaniya. Na tashi na ce Malam ɗin nan ba a sama yake ba, gidansa ga shi nan, bari in je in tambaye shi kowa ya huta. Ban kai bakin bedi ba na ji an riƙe mini gefen riga. Kofur ne. Ya jawo ni gefe, ya yi ƙasa da murya yadda ban taɓa jin ya yi ba.

"In ka tambaye shi, amsa maka za shi yi. In ya amsa, mi za mu zo yi nan gobe?"

Na waiwaya na dubi bencin, na dubi gwangwanin, na dubi hannunsa a kan rigata. Na ce masa, "To." Bai tambaye ni wane iri ba ne.